Abin da ke cinye batirin jitar bes yana soke a jikinta

Duk inda makaɗan zamani suka haɗu, a coci ne ko a ɗakin ɗaukar waƙa ko a filin biki, da wuya a watse ba a yi ƙorafin batirin jitar bes ba. Wani zai ce ko wata bai cika da sa sabo ba, ga shi sauti ya dusashe, tsirkiya mafi kauri tana gurnani idan an ɗan matsa mata. Daga nan sai a yanke hukunci ɗaya cikin biyu: ko dai kasuwa ta cika da jabun batir, ko kuma jita mai batir, wadda 'yan kasuwa ke kira aktif, ba ta dace da mu ba, gara a koma wa tsohuwa marar batir. Jabu kam akwai shi, babu mai musu. Sai dai mafi yawan batiran da ke mutuwa da wuri lafiyarsu ƙalau suka baro kanti. Wayar da aka bari a soke a jikin jita ce ta shanye su.

Jitar bes ta farko da ta karɓu a duniya, wato Precision ta kamfanin Fender wadda ta fito a 1951, ba ta da batir ko ɗaya. Kamfanin Alembic na Amurka ne ya yi fice wajen sa ƙaramar amfilifaya a cikin jikin jita, sannan StingRay ta Music Man, wadda ta fito a 1976, ta kai abin hannun makaɗa da yawa. Wannan ƙaramin allon lantarki shi ke ƙarfafa sautin da maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suka ɗauko, ya kuma ba makaɗi damar ƙara kaurin amo ko kaifinsa daga inda yake tsaye. Yana buƙatar wuta, shi ya sa aka yi masa mazaunin batir mai bolt 9 a bayan jitar. To, ina makunninsa? A jitoci mafi yawa ba za ka gan shi ba, domin an ɓoye shi a cikin ramin da ake soka waya. Ramin yana da harsunan ƙarfe uku, filogin waya na yau da kullum kuma kashi biyu ne, ɗan kai da dogon jiki. Da zarar an soka, dogon jikin nan sai ya haɗa harsuna biyu da suke a rabe, da'irar batir ta cika, wuta ta fara tafiya. Sokawa ita ce kunnawa, zarewa ita ce kashewa, babu wata hanya ta uku.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake, kuma har ƙwararru na faɗa masa. Makaɗi ya gama aiki, ya kashe babbar amfilifaya, ya murɗe maɓallin ƙara na jita zuwa ƙasa, ya jingine ta, ya tafi da kwanciyar hankalin cewa ya kashe komai. Bai kashe komai ba. Allon da ke cikin jitar bai san an kashe amfilifaya ba, bai san an ɗauke wutar unguwa ba, bai ma san ɗaya bakin wayar yana yashe a ƙasa ba. Daidai yake da mai gidan da ya kashe ƙwayayen ɗakuna ya kwanta, ya bar janareta na ruri a tsakar gida: duhu ya samu, amma mai yana ƙonewa har tanki ya bushe. Haka ma maɓallin da ake ja ko turawa don mayar da jita ta yi aiki ba tare da allon ba. A jitoci da dama sauti kawai yake kaucar wa allon, bai raba shi da batir ba.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin alkalin mai bolt 9 yana ɗauke da abin da ya kai miliamfiya 500 zuwa 600 na awa guda. Alluna sun bambanta wajen shan wuta, wasu ba su kai miliamfiya ɗaya ba, wasu sun zarce. Mu ɗauki mai shan ɗaya cif, da batir mai 550: zai yi awa 550 yana aiki. Makaɗin da ke kiɗa awa shida a mako, gwaji da ranar taro, kuma yana zare waya duk lokacin da ya gama, a lissafi zai haura shekara da rabi da batir guda. Wanda ke barin waya daga Lahadi zuwa Lahadi yana ƙona awa 168 a kowane mako, batirinsa ba zai ga ƙarshen mako na huɗu ba. Jita ɗaya, batir iri ɗaya, bambancin kawai hannun da ya zare da wanda bai zare ba. Su kuma masu jita mai cin batir biyu, wato bolt 18, kada su ɗauka sun sami ninkin kwana. An jera biyun ne don sauti ya sami sarari kada ya tsage idan an buga da ƙarfi, tare suke raguwa, tare suke mutuwa.

Akwai masu cewa yawan sokawa da zarewa yana kashe ramin waya, kuma yana sa lasifika ta yi wata tsawa mai firgita jama'a. Tsawar gaskiya ce, maganinta kuma sananne ne: a fara kashe amfilifaya ko a rufe layin a teburin haɗa sauti, sannan a zare. Shi kuwa ramin an ƙera shi ne don wannan aikin, kuma wayar da aka bari a soke ita ce ma ta fi yi masa illa, domin ita ƙafar mai wucewa ke fizga, ta tanƙware harsunan ciki ko ta jawo jitar ƙasa. Abin da ke da ciwo shi ne yadda masu kula da kayan sauti a wasu wurare ke kafa dokar kada a taɓa komai bayan an daidaita shi, wai don kada a ruɗe mako mai zuwa. An kashe maƙudan kuɗi an sayo jita, ba a tanadi ko batir ɗaya na ko-ta-kwana a aljihun jakarta ba, ranar da sauti ya ɗauke a tsakiyar waƙa kuma yaron da ke riƙe da ita ake harara. Wannan ba adalci ba ne.

Maganar ingancin batir tana da nata gurbin, amma bayan wannan take zuwa. Masu araha da ake rubuta wa Heavy Duty galibi na zinki da kabon ne, ba jabu ba ne, wutarsu ce kawai ba ta kai ta alkalin ba. Zafi ma yana rage batir ko ba a amfani da shi, kuma duk wanda ya san ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san halin da jitar da aka kulle a bayan mota take ciki. Batirin da ya mutu aka manta da shi a mazauninsa yakan yi yoyo, ruwan ya ci maɗaurin ƙarfen ya bar farin gari a kansa, don haka idan za a ajiye jita na watanni a cire shi gaba ɗaya. Masu caji irin na nikel yawanci bolt 8.4 ne kuma sun fi saurin ƙarewa, wasu na litiyam da ake caja da wayar USB kuma sukan shigo da tsuwa cikin sauti, su ɗauke farat ɗaya ba gargaɗi.

Idan kuwa ana zare waya kullum amma batir bai daina mutuwa cikin makonni ba, to ramin ne ya sami matsala: harshe ya tanƙware yana taɓa ɗan'uwansa, ko darma ta ɗiga inda bai kamata ba, jitar ta zama a kunne dare da rana. Kowane mai gyaran rediyo zai gano wannan cikin 'yan mintoci. Zai ratsa mitarsa tsakanin batir da maɗaurinsa ba tare da waya a soke ba, kuma ya kamata ta nuna sifili. Da mitar dai za a auna batirin kansa. Sabon alkalin yakan ɗan haura bolt 9, idan ya gangaro ƙasa da 8 a canja shi kafin babban taro, a daina dogaro da ɗanɗana shi a harshe. A rubuta ranar da aka sa shi a jikinsa, a ajiye wani a jaka. Masu kula da kayan sauti kuma su sassauta dokarsu, su bar makaɗi ya zare wayarsa daga jikin jita kafin ya bar dandamali.