Faiba ko 5G: Wane intanet ne ya dace da gidaje da ƙananan shaguna a Makka?

Mazauna birnin Makka na dindindin sun haura miliyan biyu, amma adadin mutanen da ke kwana a cikinsa yakan sauya daga wata zuwa wata. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka yi aikin Hajji, ban da tururuwar masu Umara a watan Ramadan, kuma da wuya a samu baƙon da ba ya riƙe da wayar salula yana neman ya nuna wa iyalinsa Ka'aba ta bidiyo.

Wannan ne ya sa zaɓen intanet a Makka ya bambanta da na Riyad ko Dammam. Ga mai shagon turare da dabino a Misfala, ko tela a Titin Mansur inda Hausawa suka daɗe da zama, watannin da ya fi samun ciniki su ne watannin da turakun sadarwa suka fi shan nauyi. Saboda haka gudun da kamfani ya rubuta a allon talla ba shi ne abin fara dubawa ba. Abin dubawa shi ne inda ginin yake, da tsawon zaman da mutum zai yi a cikinsa, da asarar da zai tafka idan layi ya ɗauke a ranar kasuwa.

Su wa ke sayar da intanet ɗin?

Sai a 1999 aka buɗe intanet ga jama'a a Saudiyya, kuma shekaru da dama kamfanin stc, wanda aka kafa a 1998, shi kaɗai ke riƙe da layukan sadarwar ƙasar. Mobily ya shigo a 2005, Zain ya biyo baya a 2008. A yau akwai kuma Salam da GO, sai Dawiyat, reshen kamfanin lantarki na ƙasar, wanda ke shimfiɗa wayoyin intanet. Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, wadda ake taƙaita sunanta da CST, ita ce ke sa ido a kansu duka.

Hanyoyin da suke kai intanet gidaje da shaguna biyu ne manya: wayar faiba da ake binnewa a ƙasa, da kuma 5G da ke zuwa ta iska. Tsohuwar hanyar nan ta wayar tarho ta jan ƙarfe tana nan a wasu tsofaffin gine-gine, sai dai tana kan hanyar shuɗewa, kuma ba wanda zai zaɓe ta alhali yana da wata.

Faiba: tambayi bangon gidanka

Faiba zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, wanda saƙo ke bi ta cikinsa a matsayin haske. Zafin rana ba ya rage masa gudu, haka nan cunkoson mutanen da ke kan titi ba ya shafar sa, domin bai haɗa hanya da wayoyin salularsu ba. Kamfanoni na sayar da shi daga gudun ɗaruruwan megabit a daƙiƙa har zuwa gigabit ɗaya. Zuwa 2020, gwamnatin Saudiyya ta ce faiba ta kai ga gidaje kimanin miliyan uku da rabi a faɗin ƙasar.

A watan Fabrairun wannan shekarar ne kuma kamfanoni shida suka sanya hannu kan yarjejeniyar buɗe wa juna hanyoyinsu. Kafin nan, idan kamfani ɗaya ne ya kawo waya ginin da mutum yake, to shi ne ubangidansa, ko yana so ko ba ya so. Yanzu mai haya na iya sayen intanet daga Zain ko Salam a kan wayar da stc ko Dawiyat ya shimfiɗa. Wannan sauyi ya fi duk wani rangwamen talla amfani ga mai saye, amma har yanzu akwai waɗanda ke ganin sunan wani kamfani a jikin akwati sai su ɗauka ba su da zaɓi.

Akwatin nan shi ne mabuɗin komai. Ana manna shi a bangon gini ta waje, kusa da ƙofa ko kusa da mitocin lantarki, kuma yana ɗauke da lamba. Wannan lambar ce kamfani ke nema ya tabbatar ko zai iya haɗa gidan. Idan babu akwati, duk alƙawarin da ɗan talla zai yi na cewa waya na tafe ba abin dogaro ba ne.

A nan ne yanayin ƙasar Makka ke shigowa. Birni ne da ke kwance a cikin kwaruruka, duwatsu masu tauri sun kewaye shi. A unguwannin da aka tsara da faffaɗan tituna, irin su Awali da Shauƙiyya da yawancin Aziziyya, haƙa ramin waya ba wani abu ba ne. A tsofaffin unguwannin da gidaje suka hau gangaren dutse, inda lungu ke ƙarewa da matakala, aikin na da tsada da wahala. Ƙari a kan haka, an rushe sassan wasu unguwannin yammacin Harami domin manyan ayyuka irin su Masar, kuma ba kamfanin da ke ɗokin binne kuɗinsa a unguwar da ba a san makomarta ba. Da yawa daga cikin 'yan asalin Afirka ta Yamma da ke Makka a irin waɗannan unguwanni suka tashi, don haka zancen faiba ga wasunsu yakan tsaya tun daga bakin ƙofa.

Ko da akwatin na nan, sai an ja waya daga gare shi zuwa cikin ɗaki, wani lokaci da huda bango. Mai haya na buƙatar yardar mai gida kafin a zo.

5G: sauƙi, da sharaɗinsa

Saudiyya ta fara amfani da 5G a 2019, shekara uku kafin MTN ya ƙaddamar da nasa a Najeriya. Abin da kamfanoni ke bayarwa domin gida wata na'ura ce da ake sanya wa layin sim, a jona ta da lantarki, nan take ta fara rarraba Wi-Fi. Ba haƙa, ba jiran ma'aikaci, ba roƙon mai gida. Ga wanda ke hayar shekara-shekara, ko wanda ya kama shago domin lokacin Hajji kawai, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Sai dai iska ta kowa ce. Duk na'urorin da ke ƙarƙashin turke ɗaya raba ƙarfinsa suke yi, kamar mutanen unguwa da ke ɗiba a famfo guda. Kamfanoni kan ƙara turaku, har da na tafi-da-gidanka, a kewayen Harami da Mina da Arfa da Muzdalifa duk shekara, kuma aikin da suke yi ba kaɗan ba ne. Duk da haka, na'urar da ta yi gudu kamar walƙiya a watan Safar na iya yin sanyi a goman ƙarshe na Ramadan, musamman bayan sallar tarawihi lokacin da dubban mutane ke kiran gida a tare.

Sannan zangon da 5G ya fi gudu a kansa ba ya ratsa kankare da kyau, balle dutse. Shago biyu a layi ɗaya na iya samun sakamako mabambanta saboda ɗaya na fuskantar turke, ɗayan kuma wani dogon otal ya tare shi. Taswirar da kamfani ke nunawa ba ta san da wannan ba. Hanya mafi inganci ita ce a ari waya mai 5G da layin kamfanin, a tsaya a daidai inda za a ajiye na'urar, a gwada gudun da safe da kuma bayan Isha'i. Idan ya yiwu a jingina na'urar kusa da taga, amma ba inda rana za ta buge ta ba, domin zafin Makka kan wuce digiri 40 a bazara, kuma na'urar da ta yi zafi rage gudu take yi.

Me ya sa shago ya fi gida shiga haɗari?

Idan intanet ya ɗauke a gida, yara su yi ƙorafi, a jira. A shago kuwa lamarin ya shafi kuɗi da doka.

Tun watan Agustan 2020 aka wajabta wa shagunan sayar da kaya a Saudiyya samar da hanyar biyan kuɗi ta na'ura, kuma katin mada ya zama ruwan dare har a wajen sayen shayi. Mahajjata ma da yawa da kati suke zuwa. Daga ranar 4 ga Disamban 2021, hukumar zakka da haraji da kwastam, ZATCA, ta wajabta wa masu rajistar harajin VAT fitar da rasit ta kwamfuta. Zango na biyu ya fara ranar 1 ga Janairun 2023, inda ake haɗa na'urar ɗan kasuwa kai-tsaye da manhajar hukumar mai suna Fatoora. An fara da manyan kamfanoni, ana ta saukowa rukuni-rukuni zuwa ƙananan 'yan kasuwa. Rasit ɗin da aka ba mai saye na yau da kullum dole ne a aika bayaninsa cikin sa'a 24, wanda kuma aka yanka wa wani kamfani sai hukumar ta tantance shi kafin a miƙa.

Abin lura shi ne, duk waɗannan ayyuka ba sa cin data mai yawa. Biyan kuɗi da kati bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Abin da suke buƙata shi ne layin da ba ya yankewa. Don haka mai ƙaramin shago da ya biya kuɗin gigabit guda ya sayi abin da ba zai taɓa cinyewa ba, alhali da rabin kuɗin zai iya ɗaukar matsakaicin faiba, ya ƙara da layin sim na wani kamfani daban a matsayin na ko-ta-kwana. Sharaɗin shi ne layin na biyu ya bi ta iska. Wanda ya sayi faiba biyu daga kamfani biyu a gini ɗaya, wataƙila waya guda ya biya sau biyu, kuma ranar da motar haƙa ta tsinke ta duka biyun za su tafi tare.

Kyamarorin tsaro da ke aika hoto waje, da masu sayar da kaya kai-tsaye ta TikTok ko Instagram ga abokan ciniki a Kano da Yamai, su kuma gudun aikawa ya fi damun su, ba na saukewa ba. Talla kan nuna babbar lambar saukewa, ta ɓoye ƙaramar lambar aikawa a ƙasa. A wannan fanni faiba ta fi 5G tabbas.

Akwai mataki na sama da wannan, wato keɓaɓɓen layi da ba a raba shi da kowa, wanda kamfani ke rubuta alƙawarin lokacin gyara a cikin kwantiragi. Otal-otal da kamfanonin jigilar alhazai ne ke sayen sa, ana neman rajistar kasuwanci, kuma kuɗinsa ya ninka na gida sau da yawa. Ƙaramin shago ba ya buƙatar sa.

Takardu da kwantiragi

Ba a buɗe layi a Saudiyya sai da shaida: katin ɗan ƙasa ko iƙama, tare da tantancewa ta zanen yatsa, wadda aka wajabta tun 2016, ko ta manhajar Nafath. Mahajjaci na iya sayen layin baƙi da fasfonsa, amma na ɗan lokaci ne, ba na haɗa gida ba. Wanda ba shi da iƙama ba shi da hanyar yin rajista da sunansa, shi ya sa wasu ke roƙon ɗan'uwa ko maƙwabci ya buɗe musu. Mai yin wannan alfarma ya sani cewa bashin da ya taru, da duk abin da aka aikata da layin, sunansa za a nema.

Yawancin tsare-tsaren gida na zuwa da alƙawarin zama na wata 12 ko fiye, musamman idan an ba da na'ura kyauta, kuma wanda ya fita kafin lokaci zai biya tara. Ya kamata a tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 15 cikin 100, da nawa zai koma bayan watannin rangwame, da ko ana rage gudu idan an kai wani adadi, da kuma ko na'urar 5G za ta yi aiki idan an ƙaura zuwa wata unguwa. Idan aka samu saɓani, ana fara kai ƙorafi ga kamfanin a karɓi lambar ƙorafin, idan bai warware ba sai a ɗaukaka zuwa hukumar CST.

Lokacin neman haɗin ma abin lura ne. Makonni kafin Hajji ake hana shiga Makka sai da izini, tituna su cika, ma'aikatan kamfanoni su karkata zuwa wuraren ibada. Wanda ke son faiba domin cinikin Hajji, tun kafin Ramadan ya kamata ya nema.

Tauraron ɗan'adam fa?

Masu karatu a Najeriya, inda Starlink ya fara aiki a Janairun 2023, da Nijar, inda ya shiga a 2025, za su iya tambayar me ya sa ba a ambace shi ba. A watan Mayun 2025 Elon Musk ya sanar a Riyad cewa Saudiyya ta amince da Starlink domin jiragen sama da na ruwa. Wannan izini bai shafi gidaje da shaguna ba, kuma a birnin da faiba da 5G suka wadata, ba shi ne gurbin da ya fi buƙatar cikewa ba.

Akwai kuma matsalar da ba faiba ba 5G da ke iya magance ta. Babban kaso na intanet ɗin da ke haɗa yankin da Turai da Asiya yana bi ne ta wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin Bahar Maliya, da dama daga cikinsu suna fitowa a gaɓar Jidda, kimanin kilomita 70 daga Makka. A watan Satumban 2025 wasu daga cikin wayoyin sun tsinke a kusa da Jidda, intanet ya yi nauyi a Indiya da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, har kamfanin Microsoft ya gargaɗi abokan hulɗarsa game da jinkiri. A irin wannan rana, mai shago a Aziziyya na iya ganin katin mada na wucewa lafiya domin a cikin ƙasa ake sarrafa shi, amma kiran bidiyo zuwa ƙasashen waje yana sarƙewa, kuma canza kamfani ba lallai ya gyara komai ba har sai jirgin gyara ya isa wurin.