In Waƙar Zagin Hukuma Ta Shigo Gidan Mai Bi

Duk wanda ya saba bin Titin Ibrahim Taiwo a Kano, daga wajen Kantin Kwari ya nufi Sabon Gari, ya sani kunne ba ya hutawa a wurin. A dā masu sayar da faifai da kaset ne suke cika hanya da kiɗa. Yau kuwa waƙa tana cikin waya, yaro ya karɓo ta wurin abokinsa, kafin magariba ta iso tsakar gidanku. Wani lokaci waƙar soyayya ce. Wani lokaci kuma waƙa ce mai zafi, mai ambaton masu mulki, tana faɗa musu abin da babu mai iya faɗa a gabansu. A kan wannan ta biyu za mu yi magana, gama iyaye da yawa cikin ikkilisiya ba su san yadda za su yi da ita ba.

Bari mu fara da mai sunan titin. Kanar Ibrahim Taiwo gwamnan soja ne na Jihar Kwara. An kashe shi a yunƙurin juyin mulki na 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammed. A cikin shekarar nan ce, sojoji suna riƙe da ƙasa, Fela Anikulapo Kuti ya fitar da faifansa mai suna Zombie a Legas. A ciki ya kamanta soja da gawa mai tafiya, wadda ba ta da tunanin kanta sai abin da aka umarce ta. Da Turancin kasuwa ya yi ta, domin haka Bayarabe da Ibo da mutumin Filato duk suka ji, samarin Sabon Gari ma ba a bar su a baya ba. Ran 18 ga Fabrairu 1977 sojoji wajen dubu suka kewaye gidansa da ake kira Kalakuta, suka ƙone shi, suka yi wa mutanen ciki dukan kawo wuƙa. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, tsohuwa ce, aka jefo ta ta taga daga bene. Ta rasu a watan Afrilu 1978.

Ga abin da ya kamata masu bi su sani: Fela ɗan gidan fasto ne. Mahaifinsa, Rabaran I. O. Ransome-Kuti, limamin Angilikan ne kuma shugaban makaranta a Abeokuta. Kakansa, Canon J. J. Ransome-Kuti, mai tsara waƙoƙin sujada ne da Yarabanci, har aka ɗauki muryarsa a faifai a Landan a 1922. Ashe daga gida irin namu wannan murya ta fito. Daga baya ya juya wa bangaskiya baya, ya yi ta yi wa shugabannin addini ba'a, Kirista da Musulmi duka.

A wannan shekara ta 1977 aka yi irin haka a Ingila. Marasa aiki sun haura miliyan ɗaya, samarin talakawa suna ganin ba su da gobe. Sai suka fito da wani kiɗa da suke kira punk: garayar Turawa ta lantarki a buga ta da ƙarfin tsiya, murya kamar ana faɗa, tufafi a yayyage da gangan. Wata ƙungiyarsu mai suna Sex Pistols (sunan kaɗai ya isa ya sa dattijon ikkilisiya ya tsuke fuska) ta yi waƙar reni ga Sarauniya Elizabeth daidai lokacin bikin cikarta shekara 25 a kan gado. Gidan BBC ya hana sa ta, manyan kantuna suka ƙi sayar da ita. Duk da haka ta kai ta biyu a jerin faifan da aka fi saye. Waɗansu da suka fusata kuwa suka tare babban mawaƙin, Johnny Rotten, suka yanke shi.

Mu lura da abin da ya faru a wuraren nan biyu. Hani bai kashe waƙar ba, sai ma ya ƙara mata kasuwa. Masu ji kuma suka rabu: waɗansu suka ce an faɗi abin da ke ransu, waɗansu suka ji zagin kawai suka ɗauki sanda, da yawa kuma rawa kaɗai suka yi, ba ruwansu da maganar.

Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta 1950, cikin waɗanda suka kafa ta kuwa har da Mudi Sipikin, marubucin waƙoƙi. Su da irin su Gambo Hawaja da waƙa suka riƙa kai kukan talaka inda jarida ba ta kaiwa. A zamaninmu ma an sake gani. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, aka kuma kama Aminu Ala saboda waƙar Hasbunallahu, wadda addu'a ce a kan azzalumai. Me ya biyo baya? Mutanen da ba su taɓa jin waƙoƙin ba suka shiga neman su, ana tura su daga waya zuwa waya.

To, maigida, kana ganin in ka ƙwace wayar ɗanka ka yi abin da gwamnati ta kāsa?

A ganina kuskure na farko shi ne mu ce duk waƙar da ta taɓa mai mulki zunubi ce. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Annabi Natan ya shiga fada ya nuna wa Sarki Dawuda laifinsa a kan Uriya (2 Sama'ila 12). Yahaya Maibaftisma ya tsauta wa Hirudus har ya rasa kansa (Markus 6). Amos kuwa, makiyayi ne daga Tekowa, ya yi magana a kan masu cin hanci da masu danne matalauta da zafin da ya sa firist na Betel ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya bar ƙasar. Abin ban tsoro ma, a sura ta 5 waƙoƙin sujada ne Allah ya ce ba zai saurara ba, saboda masu rera su ba su yin adalci. Yaron da ya gama makaranta shekara huɗu ba aiki, ya ga an tare babansa a hanya an karɓi kuɗi, in ya ji mawaƙi ya ambaci abin, dole zuciyarsa ta amsa. In a majami'a bai taɓa jin an ambata ba, kada mu yi mamaki ya tafi inda ake ambata.

Amma akwai bambanci tsakanin tsautawa da zagi, a nan ne kuwa yawancin waƙoƙin nan suke faɗuwa. Natan ya je domin Dawuda ya tuba. Bulus, da ya gane babban firist ne ya yi wa magana mai kaushi, nan take ya janye (Ayyukan Manzanni 23), shi ne kuma ya ce a yi wa sarakuna addu'a (1 Timoti 2). Waƙar da ta bar laifin mutum ta koma kan uwarsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ta fita daga hanyar annabawa. Mazauna Fagge da Sabon Gari ba sai an yi musu dogon bayani ba. A tsakanin unguwannin nan biyu aka yi tarzomar Mayu 1953, inda gwamnati ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu, akwai kuma waɗanda har yau ba su manta Oktoba 1991 ba. A gari irin wannan, ƙure sautin waƙar habaici a ƙofar shago ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma a tambaya, wa ya biya kuɗin waƙar? Lokacin zaɓe mawaƙi yakan zagi wannan domin wancan ya ba shi mota, bayan shekara huɗu ya sāke uban gida, zagin ma ya sāke wuri. Fela dai, kome aibinsa, ba wanda ya saye shi, ya kuma sha ɗauri a kan bakinsa. Sai dai faɗin gaskiya a kan gwamnati bai mai da shi abin koyi ba. Yana shan wiwi a fili, ya auri mata 27 rana ɗaya a 1978, ya mutu ran 2 ga Agusta 1997, wansa Farfesa Olikoye ya sanar da duniya cewa ciwon ƙanjamau ne. Sid Vicious na Sex Pistols kuwa ƙwaya ce ta kashe shi a 1979, yana da shekara 21. Yaro ya kamata ya san wannan sashen labarin, daga bakin ubansa kuma ya fi kyau ya ji.

Domin haka shawarata ga iyaye ita ce, a kira yaron bayan cin abincin dare, a ce ya sa waƙar a ji tare daga farko har ƙarshe. In da Turancin kasuwa ce ko na samarin yanzu, shi ya fassara. Sa'an nan a tambaye shi wanne ne gaskiya a ciki, wanne ne zagi, wanne ne zai iya maimaitawa a gaban maƙwabcinsa Musulmi. Shugabannin zumuntar matasa ma za su iya yin haka wata Lahadi da yamma, da littafin Amos a buɗe. In Zombie ce aka zaɓa, sai a yi haƙuri: ta fi minti goma sha biyu, sai an yi wajen minti biyar ana busa da kiɗa kafin Fela ya buɗe baki.