Takardar wakilci a hannun ɗan'uwa: Hanyoyin da doka ta bai wa iyali na ceto dukiyar dattijo

Ma'aikata da dama 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke aiki a Abuja sun bar iyayensu a gida, a garuruwa irin su Kasuwan Magani da ke ƙaramar hukumar Kajuru, ko Kafanchan da kewayenta. Idan tsufa ya kama dattijo har zuwa banki ko karɓar kuɗin haya suka gagare shi, akan rubuta wa ƙane ko ɗa ko jika takardar wakilci domin ya riƙa tsaya masa. Sau da yawa abin na tafiya lami lafiya. Amma wani lokaci sai na nesa ya ji an sayar da gona, ko an jinginar da shago, ko asusun fansho ya bushe, alhali tsoho bai san hawa ba bai san sauka ba.

A Kasuwan Magani lamarin yana da wani nauyi na daban. Rikicin watan Oktoban 2018, wanda 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 55, ya bar ɓarna a kasuwar garin, daga baya gwamnatin jihar ta sake gina ta. A garin da dukiya ta taɓa salwanta kuma iyalai suka warwatsu, wanda ke riƙe da takarda yakan fi kowa ƙarfin baki.

Wakili ba mai dukiya ba ne

Abu na farko da ya kamata iyali su sani shi ne takardar wakilci ba ta mallaka wa wakili komai. Kotun Ƙoli ta fayyace haka a shari'ar Ude da Nwara a 1993, inda ta nuna cewa takardar izini ce kawai na yin aiki da sunan mai dukiya, kuma mai dukiyar yana nan da ikonsa. Saboda haka idan dattijo na cikin hayyacinsa, hanya mafi sauƙi ita ce shi da kansa ya soke wakilcin a rubuce, a sanar da wakilin, da banki, da 'yan haya, da hukumar filaye ta jihar wato KADGIS. Sai dai akwai togaciya: wakilcin da aka bayar a kan kuɗin da aka biya, aka kuma rubuta cewa ba ya sokuwa, yana da wuyar warwarewa ba tare da kotu ba.

Idan kuwa ruɗewar tsufa ta riga ta kama shi, ƙa'idar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ita ce wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da zarar mai bayarwa ya rasa hankalinsa, ko ya rasu. Ita kanta Ingila sai da ta yi dokoki na musamman, ciki har da ta 2005, domin wakilcin da ke ɗorewa bayan gushewar hankali, tare da ofishin da ke sa ido a kan wakilai. Wannan ya sa rahoton likita ya zama ginshiƙi, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna na daga cikin wuraren da ake yin irin wannan gwaji.

Inda ake kama takarda

Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya umarci kotu ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban alƙali, ko majistare, ko lauyan da ke da hatimin tabbatar da takardu, an yi ta yadda ya kamata. Ke nan nauyin kawo hujja yana kan mai ƙalubalanta. Hujjojin da aka fi dogaro da su sun haɗa da jabun sa hannu, da tursasawa, da rashin hankali a ranar da aka rubuta takardar, da kuma wuce iyakar izini, kamar wanda aka wakilta karɓar haya ya je ya sayar da gida. Idan dattijon bai iya karatu ba, dokar kare marasa karatu ta buƙaci marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an kuma fassara masa kafin ya dangwala yatsa.

A batun ƙasa kuma, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta samun amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha, kuma shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta nuna cewa cinikin da ya tsallake wannan mataki na iya rushewa.

Wace kotu za a nufa?

Jihar Kaduna na da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya, ban da Babbar Kotu mai reshe a Kafanchan. Rigima kan fili mai takardar gwamna hurumin Babbar Kotu ce, bisa sashe na 39 na dokar ta 1978, kuma a can ake neman umarnin dakatar da ciniki da tilasta wa wakili ya kawo lissafi. Ga iyalan Musulmi, fiƙihun Malikiyya ya ɗauki wakili a matsayin mai riƙon amana, kuma alƙali na da ikon hana taɓa dukiyar wanda hankalinsa ya gushe, ya naɗa mata mai kula. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa.

Duk da haka, shari'a tsakanin 'yan'uwa takan bar tabon da ba ya gogewa, shi ya sa zaman sulhu a gaban dattawan gida, ko hakimi, ko limami, ko fasto ya cancanci a fara gwada shi, muddin dukiya ba ta kan hanyar salwanta. Ga waɗanda iyayensu ke da sauran ƙarfi kuwa, rigakafi ya fi magani: a taƙaita izinin ga aiki sananne, a sa masa wa'adi, a naɗa wakilai biyu da za su riƙa sa hannu tare, sannan kowane ɗa ya riƙe kwafinsa.