«Ai Basir Ne»: Hausawan Ƙetare da Hoton Hanji na CT

Akwai ɗan ƙunshi da hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ke aika wa duk mai shekara 50 zuwa 74 ta gidan waya, sau ɗaya a shekara biyu. Cikinsa ɗan tsinke ne da kwalba: a dangwalo bahaya kaɗan, a rufe, a mayar. A gidajen Hausawan Landan da Manchesta, sau da yawa ƙunshin kan ƙare a aljihun tebur. Kunya ta hana. In ma maigida ya ga jini a bayan gida, amsar a bakinsa take: «Ai basir ne.» Sai a aika Kano ko Damagaram a taho da sassaƙe.

Gwajin nan jinin da ido ba ya gani yake nema, wanda kan zama alamar farko ta ciwon dajin hanji. Idan an samu, sai a kira mutum a leƙa hanjinsa da kyamara, wato kolonoskofi. Wanda jikinsa ba zai ɗauki wannan ba, saboda tsufa ko wata rashin lafiya, a kan tura shi hoton CT na babban hanji, dabarar da likita David Vining ya fito da ita a Amurka a 1994.

Wahalar tana gida, ba a asibiti ba. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, za a ajiye wake, ganye da duk abinci mai dusa, a sha wani ruwa mai aidin da ke sa zawo. A asibitin kuwa, siririyar roba ake sawa ta dubura, a hura iskar kabon dayoksaid har hanji ya buɗe, a ɗauki hoto mutum yana rigingine, a sake yana rub da ciki ko ta gefe. Minti ashirin ya isa, babu maganin barci. Da irin wannan hoton aka duba Barack Obama a 2010.

To, ina haɗarin? Mafi girma shi ne hujewar hanji, kuma takardun asibitocin Ingila na ƙiyasta shi a kusan mutum 1 cikin 3,000, ƙasa da na kolonoskofi; da dama ma kan warke ba tare da tiyata ba. Ya fi barazana ga mai kumburin hanji ko wanda aka yanki tsoka a hanjinsa kwanan nan. Hasken na'urar kuma bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan shekaru ba, amma mai ciki ba ta shiga.

Sauran matsalolin sun fi kama mai ɓoye magana. Zawon kan ƙarar da ruwan jiki, ya taɓa mai ciwon ƙoda. Mai ciwon suga da ya rage ci bai gyara maganinsa ba zai iya faɗuwa. Allurar Buscopan da ake yi don kwantar da hanji tana sa gani ya dishe na ɗan lokaci, kuma ba ta dace da wasu masu ciwon zuciya ko hawan jinin ido ba. Dattijon da ya haɗa wankin cikin asibiti da jiƙon gida, ko ya ce sai ya yi shi da azumi a bakinsa, shi ya ɗora wa kansa kaya. Ana ɗage rana zuwa bayan salla in likita ya yarda. Ana neman tafinta. Ana roƙon mace ta duba mace.

Hoton dai gani kawai yake yi. In ya hango tsiro, sai an koma ga kyamara a cire. Wani lokaci kuma ya gano abu a ƙoda ko hanta, a yi ta zarya, ƙarshe a ce lafiya lau.

Hausawan Zangon Gana da ke Bronks a New York su lura: tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin ciwon dajin hanji a Amurka zuwa 45, shekara guda bayan wannan ciwo ya kashe jarumin fim Chadwick Boseman yana da 43. Wanda ke ganin jini ko yake ramewa ba dalili, kada ya jira ƙunshin gidan waya. Ya nemi likitansa a wannan makon.