Kutch: Gundumar da Ƙarancin Ruwa Ya Koya wa Dabara

A yammacin Indiya, cikin jihar Gujarat, dab da iyakar Pakistan, gundumar Kutch take. Ta fi kowace gunduma a ƙasar faɗi, don ta haura murabba'in kilomita 45,000. Ruwan sama kaɗan ne, gishiri kuma ya cinye wani babban yankinta. Yawancin abin da baƙi ke zuwa kallo a yau, dabarar zama a wannan ƙasa mai wuya ce ta haife shi.

Da damina ruwa kan malale filin da ake kira Rann. Idan ya ƙafe sai farin gishiri ya shimfiɗu iyakar ganinka, kuma a nan ake bikin Rann Utsav lokacin sanyi, kusa da ƙauyen Dhordo. A wani tsibiri cikin filin akwai kangon birnin Dholavira, wanda ya bunƙasa shekaru kusan 4,500 da suka wuce. Mutanensa sun tare rafuka biyu masu ƙafewa da rani, suka jawo ruwan zuwa manyan tafkunan da suka gina da dutse. A 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Makiyayan yankin Banni kuwa suna kwana a zagayayyun ɗakunan laka masu jinka da ake kira bhunga. Ranar 26 ga Janairun 2001 girgizar ƙasa ta rushe birnin Bhuj, dubban mutane suka rasu, amma da yawa daga ɗakunan nan ba su faɗi ba.

Bayan girgizar, ruwan ƙauyen Dhamadka ya daina dacewa da rini, sai wasu marina 'yan zuriyar Khatri suka tashi suka kafa Ajrakhpur. Aikinsu sai mai haƙuri. Sukan danna hatimin katako mai zane a kwaɓin ƙaro da farar ƙasa, su buga a kan yadi, sannan su tsoma shi a baba, irin yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata. Inda kwaɓin ya taɓa, rini ba ya kamawa. Baƙin launi kuwa daga tsohon ƙarfe da mazarƙwaila ake jiƙo shi.

Abin lura shi ne, waɗannan sana'o'i ba a gidan tarihi suke ajiye ba. Da su ake ci da iyali, shi ya sa 'ya'ya ke karɓa daga hannun iyaye. Duk al'ummar da ke son gadonta ya ɗore, sai ta nema wa masu riƙe da shi kasuwa.