Agogo, Alam da Lissafi a Nokia 3310

Ka ɗauki Nokia 3310 a hannunka, wayar da ta fito a 2000, shekara guda kafin Econet da MTN su fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001. A lokacin kiran minti ɗaya na cin naira 50, don haka yawancin mutane kira da saƙo kawai suka sani a jikinta, kuma da lissafi suke yin su. Amma a cikinta akwai wasu kayan aiki da ba sa cin ko sisin kwabo na katinka, kuma ba ruwansu da ko akwai sabis ko babu. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Fara da agogo, domin sauran duk a kansa suka dogara. A ƙasan fuskar wayar akwai babban maɓalli guda a tsakiya, wanda aikinsa ke canzawa bisa kalmar da aka rubuta a samansa. Danna shi ka shiga menu, ka yi ta gangarawa da kibiya har ka iso sashen agogo, ka shigar da lokaci, sannan kwanan wata. A nan wayar za ta ba ka zaɓi tsakanin tsarin awa 12 da na awa 24. Shawarata ka ɗauki na 24. A tsarin 12, ƙarfe huɗu na asuba da huɗu na la'asar duk 4:00 ne, haruffa biyu ƙanana kawai ke raba su, kuma ido mai jin barci ba ya lura da su. A tsarin 24 kuwa asuba 04:00 ce, la'asar 16:00, babu yadda za su rikice maka. Idan lambar ta wuce 12, cire 12 daga ciki, abin da ya rage shi ne ƙarfe nawa na rana ko na dare.

Da agogo ya zauna daidai, sai alam. A wannan sashen dai za ka same shi. Shigar da lokacin da kake son tashi, a ce 04:15 don sahur, ka tabbatar. Koma fuskar farko ka duba sama: ɗan hoton ƙararrawa ya bayyana. In ba ka gan shi ba, alam bai shiga ba, sake yi.

Yanzu ga abin da ke ba mutane mamaki. Kashe wayar gaba ɗaya ka ajiye ta. Da 04:15 ta yi, za ta farka da kanta ta hau ƙara. Ta yaya abin da aka kashe ya san lokaci? Amsar ita ce kashewar ba ta shafi komai da komai ba. Fuskar ta mutu, ɓangaren da ke neman sabis ya tsaya, amma akwai ɗan guntun na'ura a ciki da ke ci gaba da ƙirga daƙiƙoƙi da wuta 'yar kaɗan daga batir, kamar maigadin da ke zaune a zaure da ido biyu alhali mutan gida sun yi barci. Shi ke tada sauran idan lokaci ya yi. Amfanin wannan a fili yake ga wanda aka yi kwana biyu ba a kawo masa wuta ba: ya kashe waya da dare ya adana caji, kuma bai makara ba. Idan ka tsayar da ƙarar, wayar za ta tambaye ka ko ta kunnu don karɓar kira ko ta koma yadda take. Sai dai ka kula, idan ka cire batir ya daɗe a waje, ƙirgar nan ta yanke, dole ka sake saita lokaci.

Alam awa kawai ya sani, bai san rana ba, kuma ba ya faɗa maka dalilin da ya sa ya buga. Wannan aikin tunatarwa ne, wadda ke da nata sashen a menu. Kana rubuta 'yar gajeriyar magana, ka ba ta rana da lokaci, kuma 3310 na riƙe guda 10. Ka ga yanzu dalilin da ya sa na ce ka saita kwanan wata tun farko. A ce zubin adashi ne ranar Juma'a. Kowane maɓalli daga 2 zuwa 9 na ɗauke da haruffa uku ko huɗu, yawan dannawa ne ke zaɓar wanda kake so: don rubuta "zubi" sai ka danna 9 sau huɗu, 8 sau biyu, 2 sau biyu, 4 sau uku. Idan ka ga wayar na kawo maka wasu kalmomi da ba ka nufa ba, ƙamus ɗinta ne a kunne, shi kuwa bai san Hausa ba, kashe shi ka huta. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ma babu su, sai ka yi haƙuri da k da d da b.

Lambobin mutane kuma, 3310 ba ta da ma'ajiyarsu a jikinta, a kan sim take ajiye su, kuma sim mai yalwa na ɗaukar suna har 250. Shi ya sa da ka mayar da sim ɗinka wata wayar, mutanenka sun biyo ka. Nokia 1100 da ta fito a 2003, mai tocila a kai, irin wadda ake wa laƙabi da rakani-kashi, tana iya ajiye wasu a jikinta, don haka a nan sai ka lura da inda kake adanawa. Gurbin suna gajere ne. Rubuta abin da za ka gane, kamar "Musa tela", ba Musa uku a jere ba.

Kalkuleta na da dabara ɗaya tak. Babu maɓallin tarawa ko ɗebewa, tauraro ne ke yin duka: danna ɗaya tarawa, biyu ɗebewa, uku ninkawa, huɗu rabawa, maɓallin # kuma shi ke sa ɗigo. Mudu 12 a kan naira 350? Rubuta 12, danna tauraro sau uku, rubuta 350, danna maɓallin tsakiya ka zaɓi amsa, 4200 ta fito. In ka yi kuskure, maɓallin C na goge lamba ɗaya-ɗaya. A ciki akwai ma wurin shigar da farashin canji, wanda ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi zai sa ya riƙa juya naira zuwa sefa.

Kafin ka jefa ta aljihu, danna maɓallin tsakiya, ka bi shi da tauraro da sauri. Ɗan hoton makulli zai fito, maɓallan sun kulle ke nan, aljihu ba zai goge maka tunatarwa ko ya kira wani ya cinye kati ba. Kira na shigowa duk da haka, kuma da waɗannan maɓallan biyu dai ake buɗewa.