Ko Kun Sani? Kwaɗon Nan Ba Shaidar Amana Ba Ne

Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshin shafin intanet ba ya nufin shafin na mutanen kirki ne. Abin da yake nunawa shi ne ana ɓadda bayanan da kuka aika, kada mai laɓe a hanya ya karanta. Shi kuwa mai shafin, ko ɗan damfara ne, tsaf zai ga komai, har lambar katinku. Takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya bayyana ma kyauta hukumar Let's Encrypt ke bayarwa tun 2015, ga Google ya sa https, tsarin da kwaɗon ke nunawa, cikin ma'aunin jera sakamakon bincike a 2014, sai kowa ya yi caa, na gari da mugu. Ruɗanin ya kai har burauzar Chrome ta cire kwaɗon a 2023.